SIR HUMPHRY DAVY (1778–1829): MUTUMIN DA YA SA WA WUTA TAKUNKUMI

Mu da muka tashi a Kano mun san ɓarnar gobara. Mun san yadda lungunan cikin birni suke da matsi, yadda gida ya jingina da gida, yadda rumfa ta haɗa kafaɗa da rumfa a Kasuwar Kurmi, ta yadda in wuta ta tashi motar kashe gobara ba ta samun hanyar shiga. A waɗannan lungunan ne kuma ake ajiye jarkokin fetur, ake cika tukwanen gas, ake tayar da janareta, ga kuma wayoyin lantarki sun ratsa ko'ina. Ya kamata ɗalibi ya san cewa akwai ilimi na musamman a kan yadda ake kunna fitila ko inji a wurin da iska kanta take iya kamawa da wuta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin wannan ilimi shi ne Humphry Davy, wanda za mu ba da tarihinsa a nan.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Humphry Davy ran 17 ga Disamba, 1778, a Penzance, wani ƙaramin gari na bakin teku a yankin Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. Mahaifinsa Robert masassaƙi ne, sunan mahaifiyarsa Grace. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya biyar. Ya yi makaranta a Penzance, daga baya ya ɗan taɓa a Truro, amma a lokacin hankalinsa ya fi karkata ga kamun kifi, da yawon daji, da rubuta waƙoƙi.

A shekarar 1794 mahaifinsa ya rasu ya bar bashi. Davy yana ɗan shekara 16 nauyin gida ya fara hawa kansa. A 1795 aka kai shi koyon aiki wurin wani likita mai haɗa magunguna, John Bingham Borlase. Daga nan ne ya shiga taitayinsa. Ya tsara wa kansa jadawalin karatu, ya riƙa koyon harsuna da lissafi shi kaɗai, har a 1797 ya karanta littafin ilimin sinadarai na Lavoisier, masanin nan na Faransa, cikin Faransanci. Kayan gwajinsa na farko kwalabe ne da kofuna da tarkacen gida. Bai taɓa yin karatu a jami'a ba.

Allah ya haɗa shi da mutanen da suka ga hazaƙarsa. Gregory Watt, ɗan James Watt mai injin tururi, ya yi zaman haya a gidan mahaifiyarsa, suka shaƙu. Wani mai hali kuma mai ilimi, Davies Giddy, ya buɗe masa ɗakin littattafansa. Ta hanyarsu ne labarinsa ya kai ga Dokta Thomas Beddoes, wanda ya kafa wata cibiya a birnin Bristol don gwada warkar da cututtuka da iskoki iri iri. A watan Oktoba na 1798 Davy ya kama aiki a can, bai cika shekara 20 ba.

Daga Bristol zuwa Landan

A Bristol Davy ya riƙa gwada iskokin a kan kansa. Ya shaƙi iskar nan da ake kira iskar dariya sau da yawa, ya lura tana gusar da zafin ciwo, har ya rubuta cikin littafinsa na 1800 cewa za ta iya amfani wajen yi wa mutum fiɗa. Likitoci ba su kula ba sai bayan shekara arba'in da 'yan kai. Wata rana kuma ya shaƙi wata iska mai guba, irin wadda ke cikin hayaƙin gawayi da na janareta, saura ƙiris ya sheƙa lahira. Wannan kasada ba abar koyi ba ce, amma ta nuna irin ƙishirwar sani da ke tare da shi.

A 1801 aka kira shi Landan ya zama malami a cibiyar kimiyya ta Royal Institution. Ya iya magana, ya iya nuna gwaji a gaban jama'a, saboda haka manyan gari maza da mata suka riƙa cika zauren laccarsa. A lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro batir ba, domin a 1800 ne Volta na Italiya ya bayyana shi. Davy ya gane cewa ƙarfin lantarki zai iya raba abubuwan da wuta ta kasa rabawa. A watan Oktoba na 1807 ya tura lantarki cikin narkakken gishirin toka, sai ga wani sabon ƙarfe yana fitowa ɗigo ɗigo, shi ne fotashiyam. Cikin 'yan kwanaki ya fitar da sodiyam. A 1808 ya ƙara da kalshiyam, da maganiziyam, da bariyam, da sitirontiyam. A 1810 ya tabbatar cewa kulorin, wanda yau ake zubawa a ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta, sinadari ne mai zaman kansa, shi ne kuma ya raɗa masa suna. Faransa ta ba shi lambar yabo duk da cewa tana yaƙi da Ingila a lokacin.

Akwai wani gwajinsa da ya shafi zancenmu kai tsaye. Ya haɗa wani ƙaton batir da sanduna biyu na gawayi, ya ɗan raba tsakaninsu, sai wani farin haske mai kashe ido ya tsallaka daga wannan zuwa wancan. Wannan yana cikin hasken lantarki na farko da mutane suka gani, shi ne kuma kakan walƙiyar da muke gani a wurin masu walda. Ƙanensa shi ne ɗan tartsatsin da ke fita cikin makunni duk lokacin da muka kunna fitila ko muka kashe.

A watan Afrilu na 1812 aka ba shi sarautar Sir, ya kuma auri wata mai dukiya da mijinta ya rasu, Jane Apreece. A ƙarshen shekarar wani sinadari ya fashe masa a ɗakin gwaji ya ji masa ciwo a ido. Da ya rasa mai yi masa rubutu, sai ya samu wani yaro da ya koyi ɗinkin littattafai, wanda ya halarci laccocinsa ya rubuta su tsaf. Sunan yaron Michael Faraday. A watan Maris na 1813 aka ɗauke shi mataimaki, kuma shi ne daga baya ya gano ƙa'idar da kowane janareta yake aiki da ita.

Mutuwa a Ƙarƙashin Ƙasa

A zamanin nan kwal shi ne ƙashin bayan arzikin Ingila, kamar yadda kwal ɗin Inugu ya riƙa tuƙa jiragen ƙasan da suka yi jigilar gyaɗar Kano shekaru ɗari bayan haka. Amma a cikin ramukan kwal akwai wata iska da ke tsatsowa daga jikin kwal ɗin, wadda masana ke kira mitan. Ba ta da launi, ba ta da wari, ta fi iskar shaƙa rashin nauyi, saboda haka takan taru a rufin rami. Mahaƙa kuwa da kyandir suke shiga, don ba su da wani haske. In iskar ta taru ta tarar da harshen wuta, sai rami ya tashi kamar gidan albarushi. Wasu sun gwada wata na'ura mai goga ƙarfe da ƙanƙara tana fid da tartsatsi, suna zaton tartsatsi ba ya kunna iskar, amma ita ma ta ci rayuka.

Ran 25 ga Mayu, 1812, ramin kwal na Felling, kusa da Newcastle, ya fashe. Mutum 92 suka mutu, manya da yara, cikinsu har da waɗanda ba su kai shekara goma ba. Limamin cocin yankin, Rabaran John Hodgson, shi ya binne yawancinsu. Masu ramuka ba sa son a yi ta yayata irin wannan labari, amma Hodgson ya rubuta shi dalla dalla ya buga. Wannan ya sa aka kafa ƙungiya a garin Sunderland a 1813 don neman hanyar hana irin wannan masifa. A watan Agusta na 1815 wani ɗan ƙungiyar, Dokta Robert Gray, ya rubuta wa Davy takardar neman taimako.

Davy ya je yankin da kansa, ya gana da Hodgson da John Buddle, babban mai kula da ramukan Wallsend. Ya sa aka ɗura iskar a kwalabe aka aika masa Landan. A watan Oktoba shi da Faraday suka duƙufa.

Yadda Ya Gano Sirrin

Abin da ya bambanta Davy da waɗanda suka riga shi shi ne, bai fara da ƙera fitila ba, sai da ya fara sanin halin abokin gaba. Da farko ya auna yawan iskar da ake buƙata kafin ta fashe. Ya tarar in ta yi kaɗan cikin iskar shaƙa ba ta kamawa, in ta yi yawa ƙwarai ma ba ta fashewa, sai a tsakani. A lissafin yau, haɗarin mitan yana tsakanin kashi 5 da kashi 15 cikin ɗari. Na biyu, ya tarar mitan tana buƙatar zafi mai yawa kafin ta kama, fiye da wasu iskokin. Na uku, kuma shi ne mabuɗin, ya tarar harshen wuta ba ya iya ratsa siririn bututun ƙarfe, domin ƙarfen yana shanye zafin kafin wutar ta kai ɗaya bakin.

Ya karanta sakamakon nan a gaban ƙungiyar masana ta Royal Society ran 9 ga Nuwamba, 1815. Bayan 'yan makonni ya gane cewa ragar waya mai ƙananan idanu, kamar rariya, daidai take da ɗaruruwan gajerun bututu a jere. Sai ya kewaye lagwanin fitila da irin wannan raga, mai waya 28 a kowane inci, wato ido 784 a murabba'in inci guda. Iska tana shiga ta idanun, mitan ma tana shiga ta ci wuta a ciki, amma wutar ba ta iya fitowa waje. Duk ɗalibin da ya taɓa riƙe ragar waya a kan murhun Bunsen a ɗakin gwajinmu ya ga yadda harshen wuta ke tsayawa ƙarƙashin ragar, ya ga wannan sirri da idonsa.

Ran 9 ga Janairu, 1816, aka gwada fitilar a ramin Hebburn, ta kuwa yi aiki. Ta zo da wani amfani na biyu. In akwai mitan, sai wani shuɗin harshe ya bayyana a saman wutar, tsawonsa yana nuna yawan iskar. In kuwa iskar shaƙa ta yi ƙaranci, sai wutar ta dushe. Ta haka fitila ta zama ma'auni, shugaban aiki yana iya zagayawa ya ware inda ke da lafiya, da inda ke buƙatar hattara, da inda ba a shiga sam.

Buddle ya ba shi shawara ya yi rajistar fitilar da sunansa don ya riƙa karɓar kuɗi a kan kowace guda. Davy ya ƙi, ya bar ta kyauta ga kowa. Masu ramukan kwal suka yi masa kyautar kwanonin azurfa a 1817, aka kuma ƙara masa girman sarauta a 1818.

Mutum Tara Yake

Hausawa sun ce mutum tara yake bai cika goma ba. A daidai lokacin da Davy yake gwaje gwajensa, wani makanikin ramin Killingworth, George Stephenson, wanda daga baya ya shahara a kan jirgin ƙasa, ya ƙera tasa fitilar mai ƙananan ƙofofin iska, ya gwada ta ran 21 ga Oktoba, 1815. Kafin su duka kuma wani likita, William Reid Clanny, ya fito da tasa a 1813. Davy ya kasa yarda cewa mutumin da bai yi karatun kimiyya ba zai iya kai wa ga abin da ya kai, ya zarge shi da satar fasaha. Rigima ta yi tsami. Masu ramuka suka ba Stephenson abin da bai taka kara ya karya ba, sai magoya bayansa suka tara masa fam 1,000. Masana tarihi a yau sun yarda kowannensu da kansa ya yi aikinsa.

Haka kuma ya yi da Faraday. Da yaron gidansa ya fara yin suna, kishi ya shiga, har Davy ya yi ƙoƙarin hana a zaɓe shi cikin Royal Society a 1824, alhali shi ne shugabanta tun 1820. An zaɓi Faraday duk da haka.

Ita kanta fitilar tana da iyaka. Haskenta ba shi da ƙarfi, har wasu mahaƙa sukan buɗe ragar don su gani sosai. In waya ɗaya ta yi tsatsa ta tsinke, kariyar ta tafi. In iska mai ƙarfi ta bugo, takan tura wutar ta ratsa ragar. Abin da ya fi muni, masu ramuka suka dogara da ita suka tura mutane cikin ramuka masu zurfi da a da ba a iya shiga, ba tare da gyara hanyoyin shan iska ba. Saboda haka fashewa ba ta ƙare ba. A 1835 ramin Wallsend ya kashe mutum 102, a shekarar kuma majalisar dokokin Ingila ta kafa kwamitin bincike a kan haɗarin ramuka. Darasin da aka koya da tsada shi ne, kayan kariya ba sa maye gurbin korar iskar daga wurin, da duba kayan a kai a kai.

Ƙarshen Rayuwarsa

A ƙarshen 1826 Davy ya kamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ya sauka daga shugabancin Royal Society a 1827, ya tafi Italiya da ƙasashen tsaunuka neman lafiya, yana kamun kifi yana rubutu. Ya rasu a birnin Janeba na ƙasar Siwizalan ran 29 ga Mayu, 1829, yana da shekara 50, a can aka binne shi. Bai bar ɗa ba. Kwanonin azurfan nan daga baya aka narkar da su bisa wasiyyarsa, aka kafa lambar yabo ta Davy, wadda aka fara bayarwa a 1877 ga Bunsen da Kirchhoff na Jamus.

Gādon da Ya Bari

Da lantarki ya shiga ramuka da masana'antu, tsohuwar matsala ta dawo cikin sabuwar riga. Ran 14 ga Oktoba, 1913, ramin Senghenydd a yankin Wales ya fashe, mahaƙa 439 suka halaka. Cikin abubuwan da aka fi zargi har da tartsatsin wayoyin ƙararrawar lantarki. Binciken da ya biyo baya ya haifar da dabarar rage ƙarfin lantarkin na'ura har tartsatsinta ya kasa kunna iska. Ɗaya dabarar kuwa 'yar fitilar Davy ce ta cikinta. Ana rufe makunni ko mota cikin akwatin ƙarfe mai kauri, wanda mahaɗinsa siriri ne mai tsawo, ta yadda ko iska ta shiga ta fashe a ciki, wutar za ta huce kafin ta fito.

Kafin a sa irin waɗannan kaya, injiniya yakan fara rarraba wurin bisa ƙa'idojin duniya. Shiyya ta 0 ita ce inda iska mai kamawa take kullum ko tsawon lokaci, kamar cikin tankin fetur na ƙarƙashin ƙasa, sama da man. Shiyya ta 1 ita ce inda ake sa ran iskar a cikin aikin yau da kullum, kamar cikin jikin famfon sayar da mai. Shiyya ta 2 ita ce inda iskar ba ta zuwa sai an sami yoyo ko kuskure, kuma ba ta daɗewa. Ƙura mai kamawa, irin ta gari da sukari da katako, tana da nata shiyyoyin, 20 da 21 da 22. Amurka ta daɗe da nata tsarin na aji uku, na iska, na ƙura, da na zare irin na auduga. Ana kuma duba irin iskar, da iyakar zafin da jikin na'ura zai kai, daga T1 mai digiri 450 zuwa T6 mai digiri 85. Kayan da suka ci jarrabawa suna ɗauke da alamar Ex. Tambayoyin duka na Davy ne: wace iska ce, nawa ce, wane zafi ke kunna ta, ta wace kafa wuta za ta bi?

Lantarki ya shigo birnin Kano tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, amma wannan ilimi bai bi wayoyin ya shiga kowane lungu ba. Zauren da aka jera jarkokin fetur a ciki ya zama shiyyar haɗari ko da babu allon gargaɗi, domin tururin fetur yana kamawa tun bai kai kashi 2 cikin ɗari na iska ba. Tururin fetur da gas ɗin girki sun fi iska nauyi, ba kamar mitan ba, saboda haka ƙasa suke kwanciya, su bi kwata, su taru a rami da ƙarƙashin kanta, daidai inda aka saba sa soket da injin firiji. Wannan ne dalilin da ya sa in an ji warin gas a ɗaki ba a taɓa makunni, ko don kunnawa ko don kashewa, sai a rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da taga, a fita. Shi ya sa ba a zuba wa janareta mai yana aiki ko yana da zafi. Shagon cika gas yana buƙatar iska ta ratsa shi daga ƙasa, makunnansa su kasance a waje nesa da wurin cikawa. Mai injin niƙa kuma ya riƙa share ƙurar gari daga jikin mota da ƙwan fitila.

Cikinmu akwai waɗanda za su zama masu haɗa wayar lantarki, da injiniyoyi, da masu gidajen mai, da iyayen gida. Muna fata duk wanda aka kira ya ja waya a wani wuri zai fara tsayawa ya tambayi abin da ake ajiyewa a ciki, da inda tururinsa yake taruwa, kafin ya kafa soket ko ɗaya. Rigakafi ya fi magani, kuma yaron nan na Penzance ya nuna mana cewa rigakafin yana farawa ne da auna haɗarin.